Shiga Sharo Ba Shanu: Ni da Bayajidda a Filin Badujalar Amurka

Akwai wata cuta da ke kama Bahaushe in ya kwana biyu a ƙasar waje, likitoci ba su san da zamanta ba. Sunanta gwanintar dole. Mutumin da a gida ko ruwan shayi bai iya dafawa ba, sai ka tarar da shi a can yana koyar da tuƙin tuwo. Wanda rabonsa da doki tun ranar da aka ɗora shi aka ɗauki hoto yana ɗan yaye, sai ka ji shi yana bayanin linzami da likkafa. Ni tawa ta wajen kiɗa ta kama ni.

Gidanmu a Kano gidan malamai ne. In maroƙi ya tsaya a ƙofa da kalangu, da sauri ake miƙa masa abin da ya sawwaƙa a sallame shi tun ƙafar yara ba ta fara motsi ba. Haka na girma ko tafi ban iya ba, in ana tafawa nawa ne ke isowa bayan na kowa. Amma da zama ya kai ni jihar Indiyana ta Amurka, duk Baturen da ya ce mini ai mu mutanen Afirka kiɗa a jininmu yake, sai in gyaɗa kai cikin ƙasaita, in ce haka Allah ya yi mu.

Ɗana ne ya jawo mini. Yana shekara goma sha shida ya zo da takarda in sa hannu, wai ya shiga wata ƙaramar ƙungiyar ganga da ƙaho ta yankinmu. Ya ce, "Baba, badujala ce, amma ba irin ta 'yan sanda ba." Na sa hannu ina zaton fareti ne irin na ranar yara: hagu, dama, a sara wa gwamna, a watse a sha lemo. Ashe wasa ne na minti goma sha ɗaya zuwa sha biyu da ake yi a filin ƙwallon Amurka mai tsawon yadi 100. Masu busa na busa suna gudu, masu ganga na bugu suna tafiya a karkace, masu tuta na cilla tutoci da takubba da bindigogin katako sama suna cafewa, duk a lokaci guda, kuma kowa ya san tabon da ƙafarsa za ta sauka. Aka ba ɗana ta huɗu cikin manyan ganguna biyar, kowace da muryarta. Ni kuma, bayan kuɗin da na biya, aka ce kowane uba sai ya yi aikin sa-kai. Aka tura ni motar abinci.

A can na yi karatun wannan harka, ina yankan albasa, a gaban wata tsohuwa da ta riƙe tuta tun zamanin ƙuruciyarta. Ita ta gaya mini cewa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ƙungiyoyin tsoffin sojoji da majami'un Katolika da 'yan sikawut suka yawaita kafa irin waɗannan badujaloli don yaran unguwa. A 1972 aka yi gasar farko ta Drum Corps International a garin Whitewater na jihar Wiskonsin, kuma tun 2009 a filin Lucas Oil na Indiyanapolis ake rufe gasar kowane watan Agusta. Manyan ƙungiyoyi kan fito da mutum har 165, kuma da ka kai shekara 22 an sallame ka. Maki 100 ne: 40 na yadda wasan ya ratsa mutane, 30 na abin da ido ya gani, 30 na abin da kunne ya ji.

Ta ce a zamaninsu ba ruwan kowa da jigo. A shigo da kiɗan maci, a tsaya cak a busa wani mai daɗi, a girmama tutar ƙasa, a fita da na bankwana, ko da babu dangantaka tsakaninsu. Daga baya ne aka koma ɗaukar abu guda a gina wasan gaba ɗaya a kansa. Garfield Cadets suka ci gasa da West Side Story a 1984, suka sake ci a 1987 da Appalachian Spring na Aaron Copland. Santa Clara Vanguard suka ci da Phantom of the Opera a 1989. In ta zo kan Star of Indiana na 1993, waɗanda suka ɗauko kiɗan Barber da Bartók mai wuyar haɗiya suka zo na biyu, sai ta ajiye wuƙa ta ce har gobe abokai na ɓatawa a kan wannan wasa.

Da dare sai in koma gida in bi tsoffin wasannin a intanet. A nan cutar ta tashi. Na ga Phantom Regiment a 2008 sun ɗauko labarin Spartacus, bawan da ya yi wa Rumawa tawaye, sun ci da maki 98.125, sun bar Blue Devils da 98.100. Na ga Carolina Crown a 2013 sun sa wa wasansu sunan lissafin Einstein, E=mc², suna ƙirga lambobi da baki a kan kiɗan Philip Glass, sun ɗauki kofinsu na farko. Blue Devils a 2014 suka gina nasu a kan finafinan Fellini ɗan Italiya, suka samu 99.65, makin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Cavaliers a 2006 mutum-mutumin inji suka zama. Santa Clara Vanguard a 2018 Babila suka tafi. Na ce a raina, to, in bawa ya ci kofi, lissafi ya ci kofi, har inji ya ci, ina ga ɗan sarkin Bagadaza da ya kashe macijiya ya auri sarauniya?

Ana nan cikin Oktoba sai ga wasiƙa zuwa ga iyaye. Masu tsara wasan baɗi za su zauna, wanda ke da shawara ƙofa a buɗe take. Kowane uba mai hankali ya san irin wannan gayyata ta fatar baki ce. Ni kuwa na zauna na rubuta tarihin Bayajidda daga Bagadaza har Hausa Bakwai, da taswira, na kai aka buga aka sa masa bango.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, kai da kiɗa? Yaushe aka fara?"

Na ce mata wannan harkar ilimi ce.

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Baki dai shi ke yanka wuya."

Na buga wa yayana waya a Kano na ce ya nemo mini kakaki. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai, sarauta aka ba ka a can ba mu da labari?" Ya tuna mini cewa kakaki ba a busa wa talaka, na ce ai Yaya nan Amurka ce, kowa sarkin kansa ne. Ya samo wani a wajen maƙera ya aiko. Ya iso gaɓa-gaɓa, da na harhaɗa shi sai da na buɗe ƙofar falo kafin ya samu wurin miƙewa.

Ranar taro na ci babbar riga mai aiki, na kafa hula, na saɓa kakaki. A ɗakin cin abincin wata makaranta aka zauna. Akwai shugaban tsara wasa, da mai rubuta busa, da mai kula da ganguna, da mai zana sahu, da wata mata mai kula da 'yan tuta. Iyaye mu uku ne, biyun kuma kek suka kawo. Aka ba ni dama. Na fara daga Bagadaza, na bi da shi sahara, na shigar da shi Borno, na aurar masa da 'yar Mai. Ina cikin bayanin yadda Mai ya raba shi da dakarunsa da dabara, sai shugaban ya ɗaga agogonsa cikin ladabi.

"Yallabai, da wasa ne, yanzu mun gama mun kwashe kaya. Ina macijiyar?"

Na ce tukuna, ai ko Gaya ba mu isa ba, inda maƙera za su ƙera masa wuƙa.

Ya ce in dubi abin ta haka: mai kallo yana can saman bene, daga inda yake ba ya ganin fuskar kowa, yana riƙe da abin sha, kuma bai karanta littafina ba. Me zai gane cikin daƙiƙa talatin na farko? Spartacus da nake ta ambato, in ji shi, ba tarihin Rum suka koyar ba. An ga masu sulke, an ga masu sarƙa, an ga wa ke dukan wa, shi ke nan kowa ya zaɓi ɓangare. Jigon da sai an yi masa sharhi, a wajensu bai nuna ba tukuna.

Na ce to a bar Borno, a fara daga isowarsa Daura da dare a kan doki. Mai zana sahu ya tambaya ko dokin na gaske nake nufi. Na ce ƙwarai, in da hali ma a ƙara da 'yan lifida. Ya ce filayen da suke wasa na aro ne, ciyawar wasu ma ta roba ce, kuma yara a bas suke yawo suna kwana a daɓen zauren wasannin makarantu, bai san inda doki zai shimfiɗa tasa katifar ba. Aka soke doki.

Muka zo kan kiɗa, inda nake ganin nan ne gidana. Na ce algaita ce za ta buɗe. Mai rubuta busa ya nemi hotonta, ya duba bakinta, ya girgiza kai. Ya ce dokarsu ta sha canzawa: a 2000 aka daina tilasta tsohuwar begila, a 2004 aka yarda da lasifika, a 2009 kayan kiɗan lantarki suka shigo, a 2014 aka buɗe wa sauran ƙahonin tagulla ƙofa. Amma abin busa mai harshen kara ko na itace, irin sarewa da danginta, a dokar da suke bi ba shi da wuri, kuma algaitata a cikin dangin take. Aka soke algaita.

Sai na zaro waya na kunna musu wani tsohon kiɗan kalangu. Nan ɗakin ya yi tsit. Mai kula da ganguna ya runtse ido, yatsunsa na bin kiɗan a kan tebur, can ya ce akwai bugu biyu da bugu uku suna tafiya tare, kuma mai kalangun yana matse tsarkiya a hammata yana sauya murya, wato magana yake yi. Ya juyo ya ce, "Yallabai, me yake cewa?" Na ce gaisuwa ce. Ya ce in tafa masa bugun da ke ƙasa shi ya ɗora na sama. Na tafa. Ya saurara, ya ce in sake. Na sake. Ya ce wannan salo ne na wani yanki dabam? Na ce eh, na unguwarmu ne.

Mai rubuta busa ya ce kiɗan ya yi masa, yana so. Sai ya jero tambayoyi. Wa ya yi shi? Wa ke da haƙƙin mallakarsa? Wa zai sa hannu a takardar izinin sake tsara shi, da ta izinin ɗaukarsa a bidiyo? Ya ce akwai manyan wasannin da aka yanke wani sashe nasu daga faifai saboda rashin wannan takarda, don haka kafin su ƙaunaci kiɗa sai sun ji ta bakin lauya. Ni kuwa kiɗan nan a wata rumfar cajin waya aka tura mini shi shekarun baya, sunan da ke kansa lamba ce kawai. Na ce zan bincika.

Ya ƙara da cewa ko an samu izini, daɗin kiɗa a kunne ba ya isa. Wasa na bukatar mabuɗi mai ƙarfi da zai sa mai tauna ya dakata, da sassanyan kiɗa a tsakiya inda za a taɓa zuciya, da wurin da za a bar wa masu ganga fili su nuna kansu, da marufi da zai ta da mutane tsaye. Dole a bar wa masu busa gurbin numfashi, a miƙa kiɗan ga masu marimba da ke tsaye a bakin fili. Mai zana sahu ya karɓe ya ce shi kuma ƙafa yake wa aiki: taku takwas a kowane yadi biyar, kowane taku inci 22 da rabi, wani lokaci bugu 180 a minti, da baya-da-baya. Kiɗan da mawaƙi zai ja yadda ransa ya so, ya tsaya ya gai da mai gida ya dawo, ƙafa ɗari ba za ta iya jiransa ba.

Ya rage saura kakaki. Suka zagaye shi suna sha'awa. Ƙarfe ne, ba shi da harshen kara, doka ba ta hana shi ba. Aka tambaye ni murya nawa yake fitarwa, na ce ya danganta da gwanintar mai busa. Aka ce bismilla. Na gyara hannun riga, na ɗaga shi sama, na cika kumatu, na hura. Iska ta shiga ta fita lafiya lau ba ta gai da kowa ba. Na sake tattaro ƙarfi har hulata ta goce, sai ya saki wata ƙara kamar jakin da mura ta kama. Ɗaya daga cikin masu kek ta ce ko a kawo mini ruwa. Wata yarinya 'yar shekara sha bakwai da ta zo jiran uwarta ta ce ko za ta iya gwadawa. Ta goge bakin, ta matse leɓe, ta busa. Muryoyi biyu suka fito tas, ta ƙasa da ta sama, irin waɗanda nake ji ranar hawan Daushe, har tsigar jikina ta tashi. Ta miƙo mini ta ce yana da sauƙi. Ɗana, da ke bakin ƙofa, ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure.

Ina tattara littattafaina, sai matar nan mai kula da 'yan tuta, wadda tun ɗazu take karatu ba ta ce uffan ba, ta ɗaga kai.

"Tsaya. Nan ka rubuta cewa macijiyar ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a?"

Na ce haka ne, amma wannan ƙaramin bayani ne, a ƙasan shafi ma na sa shi.

Ta dubi shugaban, shugaban ya dube ta. Ta ce gari guda, rijiya guda, ruwa sau ɗaya a mako. Tutoci ruwan ƙasa a farko, kowa na jan ƙafa. Shuɗin ƙyalle ya leƙo sau ɗaya ya ɓace. A ƙarshe fili ya cika da shuɗi. Shugaban ya ce ko daga saman bene an gane wannan. Kafin in ce uffan sun manta da ni, suna ta zane a bayan taswirata.

Haka aka yi wa Bayajidda ritaya. Aka sallami Daurama, da tsohuwa Ayana, da Bawo da 'ya'yansa shida. Macijiya ta koma dogon ƙyalle da mutum takwas ke ja. Mabuɗin wasan mai rubuta busa ne ya tsara abinsa, ya ba wa mai timfani, gangar nan da ake taka wa feda ta sauya murya, wani ɗan wuri ya kwaikwayi maganar kalangu. Kiɗan zuwan ruwa kuwa Vltava aka ɗauko, wanda Smetana ya yi wa kogin ƙasar Cek. Na yi ƙorafi cewa rijiyar Kusugu ce fa. Aka ce Smetana ya rasu tun 1884, kiɗansa ya zama na kowa, ba a biyan ko sisi. Rijiyar Daura, ruwan Cek, kuɗin Bakano.

Abu ɗaya suka bar mini ba gardama: rijiyar. Ta katako ce mai tayoyi huɗu, nauyinta sai wanda ya tura. Da yake akwai 'yan mintunan da aka ware wa kowace ƙungiya ta shigo da kayanta ta fitar, in ta wuce a yanke mata maki, sai aka ce wa ya fi dacewa da wannan amana in ba mai labarin ba? Aka ɗauke ni daga albasa aka mai da ni turin rijiya cikin zafin Yuli.

Umarnin da aka ba ni ɗaya ne: a ajiye ta a kan layin 40. Abin da ba wanda ya ga bukatar gaya mini shi ne layin 40 biyu ne a filin, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A wata gasa muka shigo ta wata ƙofa dabam, na ga 40 rubuce da farin fenti ɓaro-ɓaro, na danna birki na fita ina haki. Aka fara. Da lokacin ɗibar ruwa ya yi, jama'ar gari suka kwaso a guje zuwa inda suka saba, suka durƙusa, suka zura guga cikin ciyawa. Rijiya na can yadi ashirin tana kallonsu. Macijiya ta zo ta naɗe iska. Babu wanda ya karya sahu, haka suka ja ruwa daga inda babu har aka tashi.

Alƙalan wannan wasa suna magana ne a na'urar ɗaukar murya yayin da ake yi, a ba wa masu koyarwa su saurara. Daren nan shugaban ya kira ni ya kunna mini na alƙalin da ke duba yadda wasa ya ratsa mutane. Mutumin yana ta yabo. Wai raba mutanen da rijiyar hikima ce, ta nuna yadda ƙishirwa ke sa mutum ganin ruwa inda babu. Shugaban ya kashe na'urar ya zuba mini ido. Na gyara hula na ce ai a asalin labarin ma akwai masu wannan fahimtar.

Daga ranar aka manna jan tef a inda zan tsaya, aka kuma haɗa ni da wani yaro ɗan shekara goma sha biyu mai nuna mini hanya. Wasiƙar neman shawara ta shekarar da ta biyo baya kuwa ba ta iso hannuna ba, ko da yake na ga wani abu mai kama da ita a jakar ɗana.

Don haka, mai karatu, in kana da labarin da kake ganin ya isa a kai shi fili, kada ka fara da buga littafi. Ka tsaya a bakin titi ka gwada ba da shi da hannu da ƙafa ga wanda ke tsallake. In ya gane, ka nemo kiɗan da ka san mai shi, ka tabbata ƙafa za ta iya binsa. In duk ka haye waɗannan, to ka zo, amma ka zo da takalmi mai ƙwari, domin wanda ya kawo rijiya shi ke tura ta.